Gurbin Tsattsewa

A Vizela, inda kogi ke bin bayan masaƙu,
ruwan sama ya kwana uku bai ɗauke ba.
Ƙarfe bakwai Custódia ta jingine lema,
ta hura tafin hannu, ta ɗaura gyauton aiki.

Can ƙurya Albano ya riga kowa.
Shi ne mai ƙarfen yanka,
baki mai kaifi da aka lanƙwasa siffar tsuntsu.
Ya shimfiɗa yadi ninki goma sha biyu,
ya taka, injin ya sauko, ƙum!
Ya ɗaga: ga tsattsewa goma sha biyu a kwance,
baƙaƙe wuluk, ba wadda ta fi wata wutsiya.
Manuninsa na hagu ya gaza da gaɓa ɗaya.
Ya ce ƙarfen ya karɓi ladansa tun da daɗewa,
yanzu zaman amana suke.

Daga Lyon aka aiko: rigunan yara dubu huɗu,
kowace da tsuntsu a ƙirji, kafin Ista.

Injin surfanin kawuna shida gare shi.
Da fari allura kan zaga farin yadi da siririn zare,
ta shata wurin wanda bai iso ba tukuna,
sai ta tsaya cak.
Wannan tsayawar ita ce aikin Custódia:
ta ɗauko tsuntsu, ta fesa masa gam a baya,
ta kwantar da shi cikin shatin,
fiffike a kan fiffike, baki a kan baki,
ta danne da babban yatsa
kamar mai lallashin goshin mai zazzaɓi.
Sau shida. Ta taɓa maɓalli.

Zagaye na biyu ɗauri ne kawai, kada ya motsa.
Na uku shi ne na rufin asiri,
zare kan zare, ƙut da ƙut,
har bakin da ƙarfe ya yanka ya ɓace ƙarƙashin sheƙi.
Uwar da za ta saya ba za ta ga rauni ba.

Wajen sha ɗaya kai na huɗu ya tsinke zare.
Ta sunkuya, tabarau a ƙarshen hanci,
ta lasa, ta zura, ta kuskure, ta sake.
Ɗaya ta fito a karkace,
tana kallon hammata maimakon sama.
Mai duba ta jefa ta kwandon rangwame.
Custódia ta ce a ranta: wannan dai ta san inda za ta.

Ɗanta Hélder yana Geneva yana shimfiɗa tayil
a banɗakin mutanen da ba su san sunansa ba.
Ran Lahadi yakan kira.
Ya ce Agusta. Bara ma Agusta ya ce.

Abin da ba ya shiga kwali shi ne ragowar Albano,
ƙyallen da aka cire wa tsuntsaye,
duk huji, duk gurbi,
garke guda na waɗanda suka tashi.
Da kilo ake sayar wa masu gareji su goge mai.
Ita kuwa takan naɗe ɗaya ta cusa a jaka,
Albano ya kau da kai, yana neman abin da bai ɓata ba.

A gida ta rataye shi a tagar ɗakin girki
da ƙusa biyu da maƙalin shanya.
Miyar kabeji na tafasa. Ba ta kunna fitila ba.
Ruwa dai bai ɗauke ba, gari duhu,
amma motar maƙwabci ta juyo kwana,
haskenta ya ratsa hujin,
tsattsewa talatin farare suka bi bango da gudu,
suka haye hoton auren, suka haye kalanda,
suka fice ta saman ƙofa.

Ta tsaya da ludayi a hannu.
Ta jira wata motar.