Masassaƙi Marar Hannu

Ƙarfe uku na dare a kan tsaunin Atakama,
shayina ya huce, yatsuna sun ƙage.
Na juya babban madubi kudu, wajen Karina,
na jira hoto ya sauko layi-layi.

Ga shi nan: gajimare baƙi ƙirin, ya fi kabari sanyi,
haske ma sai ya shekara yana ratsa shi.
A gefensa tauraro guda, shuɗi, ƙato,
ranarmu a gabansa aci-balbal ce.
Cikin gajimaren nan aka haife shi.
Bai gode ba.
Tun da ya buɗe ido yake ƙona uwarsa,
yana ɓare ƙwayoyin gas kamar gyaɗa.
Mai laushi ya tashi tururi,
mai tauri ya dage,
abin da ya fake a bayansa ya tsira,
ya miƙe ya zama ginshiƙi.

Babana, Eleuterio Chocobar,
shekara arba'in yana sassaƙar farin dutse a Tokonawo.
Bai taɓa cewa shi ya yi jaki ko hasumiya ba.
"Abin da ba zai iya tsayawa ba nake cirewa, Fidelia,
saura da ma yana ciki."
Garin dutse ya sauka a ƙirjinsa,
yanzu tari ne sana'arsa.
Ni ma haka ya sassaƙe ni, da kaifin baki,
har na tattara na hau nan ban waiwaya ba.

Dakta Ilabaca ta leƙo ta kafaɗata
tana taunar busasshen ɓaure.
"Dubi kan ginshiƙin. Ga ɗigon ja can."
Na ƙara girman hoton.
Inda zafi ya fi matsa, gas ya rasa wurin gudu,
ya dunƙule, ya yi nauyi, ya kama wuta.
Jariri ne, cikin zanin goyo na ƙura.

Na ce, zai rayu?
Ta ɗaga kafaɗa. Tsere ne:
ko ya gama tara jiki,
ko hasken ya riga shi cinye abincin.
Amsa sai bayan shekara dubu ɗari.

Gabas ta fara fari. Na rufe rumfar madubi.
A aljihun rigar sanyina akwai ɗan jakin dutse
mai guntulallen kunne.
Ran Asabar motar ma'aikata za ta bi ta Tokonawo.
Ban sani ba ko zan ce direba ya tsaya.