Dashe Arba'in a Mayo Darle

Ranar Laraba motar ta tsaya gaban ofishin sufurefe,
aka sauke su cikin baƙar leda,
aka jera kamar 'yan makaranta.
Malamin gona ya ɗaga guda sama:
"Wannan ba irin kwakwar kakanninku ba ce.
Shekara huɗu, ku tanadi jarka."
Jama'a suka tafa. Ni ma na tafa.

Na dangwala yatsa a takarda uku,
aka ƙirga mini arba'in.
Biyu sun karye a bayan babur ɗin Tanimu
tun ba mu haye gada ba.

An ce taki na tafe, da ragar waya mai kare gindi.
Taki ya iso bayan ruwa ya ɗauke.
Raga kuwa, gyazbi ya riga ta zuwa,
ya cinye zuciyar tara cikin dare biyu,
ya bar mini ganye a tsaye kamar ba a yi komai ba.
Shanun Bawuro suka tattake shida a hanyar mashaya.
Muka wuni gaban jauro,
aka tashi da ban-haƙuri da ƙwaryar nono.

Saura ashirin da uku.

Dije ta ce, "Masara wata huɗu take biyan bashinta.
Wannan baƙuwa fa,
me za mu ci kafin ta koyi haihuwa?"
Na shuka wake tsakanin layuka don ta yi shiru.
Ba ta yi ba.
Amma da rani ya tsananta,
ita na tarar da asuba, tulu a ka,
tana shayar da su tana yi musu faɗa.

An mai da malamin gona Tibati.
Wanda ya gaje shi sau ɗaya ya zo,
ya tsai da ni inda suka fi kore, ya ɗauki hoto.

Bana ta biyar.
Nono ya nuna, jawur kamar garwashi.
Injin matsa yana nan a allon bakin hanya,
zane ne, rana ta shanye rabinsa.
Muka dafa a rabin duro, muka kirɓa a turmi,
hannun Dije ja har gwiwa.
Jarka ɗaya da kwalba biyu.

Da yamma jikana Gambo ya tsoma rogo a ciki,
mai yana bin haɓarsa, ya ɗago:
"Kaka, manjan nan namu ne ko na gwamnati?"
Na ce, "Ci maza,
kafin su zo ƙirga."