Ina Ruwanmu?

Shekarar da Arzika ya dawo daga bakin teku
da tarunsa baƙi ƙirin cikin buhun gishiri,
ya ce can mai ya hau ruwa ya kwanta,
kifi na tasowa ciki sama awa an shanya farin ƙyalle.
Muna gindin giginya muna ɗinkin koma.
Munka ce Allah shi kyauta,
amma mu da Rima ta goya, ina ruwanmu da teku?

Daren wata Laraba, bayan an kwashe shinkafa,
tanka ta kwance wa direba a kan gada,
ta daki ƙarfe, ta kifa baki cikin gulbi.
Kafin ladan ya buɗe murya
wari ya riga shi shiga ɗakunanmu.

Da safe ruwa ya yi ado da bakan gizo,
adon da ba ya son kowa da rai.
Tarwaɗa mai kwana cikin laka ta shekara,
ita ma ta fito ta miƙe.
Karfasa, kurungu, har ƙwaɗon da ba mu kulawa.
Tumba ta buɗe injin ban ruwa ba ta sani ba,
fangali arba'in na albasa
sunka sunkuyar da kai kafin la'asar.
Akuyar Ige ta sha, ta zagaya turke sau uku.

Sarkin Ruwa Nomau ya cika kwalba a mashaya,
ya toshe da totuwa, ya ba ni.
Ya ce kai ka yi boko, tafi birni ka nuna.

A kamfani mai gadi ya tsaida ni bakin ƙofa.
Da na samu shiga, wani mai sanyin murya
ya ce man nasu ne har ya bar ma'aji,
daga nan na ɗan kwangila ne, ba ruwansu.
Ɗan kwangila ya ce motar haya ce.
Mai mota ya ce ramin titi a tambaya,
masu titi sunka ce gadar ta tarayya ce,
a rubuto takarda, kwafi huɗu.
Direba kaɗai anka kama,
yaro ne, albashin wata biyu yake bi,
ƙafarsa ɗaya na cikin ɗauri.

Kwamiti ya zo ranar kasuwa, mota shida.
Sunka tsaya nesa, hanci cikin hankici,
anka ɗauki hoto da mu a baya.
Sunka bar sabulu, da katan na ruwan leda
wanda ya ƙare kafin ƙurarsu ta kwanta.

Na koma. Wata bakwai ina komawa.
Man ya taru a wuyan kwalba, kauri yatsa biyu,
ya ƙi nutsewa, ni ma na ƙi.
Na rubuta sunan kowa da abin da ya rasa,
har akuyar Ige na sa, da turkenta.
Ba sadaka muke roƙo ba.
Wanda ya zubar shi kwashe,
wanda ya sa hannu mota ta hau titi ba birki
shi zo mashaya shi faɗi sunansa.

Jiya sakatare ya ga leɓena ya bushe,
ya ce a kawo wa baƙo ruwa.
Na ce na zo da nawa.
Na aza kwalbar a kan fayil ɗinsa,
na zare totuwa.
Ya ja kujera baya, ya buɗe taga.

Da dare na sami Arzika bakin gulbi
yana wanke tsohon tarun nan da toka, har yau bai fita ba.
Bai ce ai na gaya muku ba.
Ya matsa mini wuri a kan kwale-kwalen da anka kife,
munka zauna muna duban abin da ke wucewa.
Tambayar da munka yi da dariya
ita ce yanzu nake kaiwa ofis ofis:
ina ruwanmu?