Abin Da Ka Ji Daga Ciki

Wata na biyar ne, tsakiyar damina,
Rima ta cika ta malale gonakin Kwalkwalawa,
sauro ya kafa sansani a kwatar bayan gidanmu a Mabera.
Ina kan keken ɗinki, ina kafa wuyan wata riga,
sai sanyi ya shige ni ta tafin ƙafa.

Kwana shida ina kwance.
Bargo uku, haƙora na kaɗawa,
Inna na jiƙa tsumma a randa ta ɗora min a goshi,
kafin ta juya ya bushe.
Kai kuwa, Haliru, kana ciki,
ba suna, ba ko gashin gira.
Kwana biyu cur ba ka motsa ba.
Ran na uku ka yi shuri guda,
na fashe da kuka har Inna ta yar da moɗa.

Yau shekararka shida.
Kana jera marafan kwalba a bakin tabarma,
ja da ja, kore da kore,
wanda ya gusa ɗaya ya taɓo tashin duniya.
Injin markaɗen maƙwabta in ya yi tari
sai ka toshe kunne ka shige ƙarƙashin kekena.
Ba ka kallon ido.
Zaren da ke warwara daga kwarkwaro kake kallo.
Fatarka ma ba ta da haƙuri,
ƙwai kaɗan, borin jini,
sabon sabulu, susa har kiran assalatu.

Unguwa ta faɗi nata.
Wai iska ce, wai baki ne,
wai na tsallake wani abu da almuru.

A asibitin koyarwa Likita Luba ta ajiye biro,
ta ce, "Hajo, zauna in ba ki iya abin da muka sani.
Jiki na da dakarunsa.
Cuta in ta shigo sai su buga gangar yaƙi,
zafin da kika ji, shi ne kiɗan.
Wani sa'in cutar ba ta isa wurin ɗa,
amon gangar ne ke ratsa mabiyiya,
a daidai lokacin da ake saƙa ƙwaƙwalwarsa zare bisa zare,
ake koya wa nasa dakarun
wane ne baƙo, wane ne ɗan gida.
Mai yiwuwa sun taso da kunne a tsaye."

Na ce, "Ashe ni na yi mashi."

Ta ce, "Da ba su buga gangar ba, wa zai haife shi?
Kuma ban ce shi ke nan dalili ba.
Mata nawa suka yi wannan masassara
ga 'ya'yansu can suna ƙwallo a rana?
Akwai gado, akwai abin da bai zo hannunmu ba.
Rabin saninmu ma daga ɓeraye muka samo shi."

Ɓeraye!
Na yi dariya, ta farko tun safe,
kai kana ƙirga ramukan silin.

A hanyar gida na tsaya Runjin Sambo
wurin ƙanwata Tumba, cikinta wata huɗu.
Na ɗaura mata gidan sauro da hannuna,
na ɗinke hujin da ke kusurwa,
na ce ranar awo ni zan zo in tafi da ita.

Da dare aka ɗauke wuta, gari ya yi tsit.
Ka rarrafo, ba wanda ya kira ka,
ka ɗora kunne a kan cikina
daidai inda ka taɓa zama.
Na riƙe numfashi.
Ban san me kake saurare ba.
Ina so in ce maka an tashi daga yaƙin,
dakarun nan naka ne, kai suke tsaro,
amma ba ka son magana da yawa.

Ka buɗe tafina,
ka sa murfi guda ja,
ka rufe min yatsu ɗaya bayan ɗaya.
Sauran jeren na can bakin tabarma da giɓinsa,
ka bar shi haka har safe.