Fuskar da Na Zana wa Gocha

Da rana ni ce Lamara ta gidan waya,
mai buga hatimi a bayan gilashi.
Kutaisi da wannan ta san ni.
Ba ta san akwatin da ke ƙarƙashin gadona ba:
gam, auduga, hoda kala bakwai,
gashin akuya da na wanke da sabulun wanka,
burushi goma sha ɗaya, ɗayansu na haƙori ne.

Ba a biyana ko sisi.
Talata da Juma'a, in an tashi aiki,
nakan haye gadar Rioni da akwatin a hammata,
in gangara ɗakin ƙasa na kulob ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa,
inda madubi ya tsage tun ba a haife ni ba,
ƙwan fitila huɗu, biyu sun mutu.

A nan labulen falon Tsiala ya zama rigar sarauniya,
murafen kwalabe ɗari uku suka zama sulke,
wani mai gyaran famfo ya fito da ƙahon barewa,
matarsa a layin gaba ba ta gane shi ba
sai da ya yi tari.

Bana aka ce tsoho ake so.
Aka kawo mini Gocha, ɗan ashirin da uku,
fuska sumul kamar ɓararren ƙwai,
yana taunar cingam.
Na ce, tofar. Ɗaga gira. Ɓata rai.
Yi kamar an ce maka kuɗin wuta ya ƙaru.
Duk inda fata ta lanƙwashe na bi da ruwan ƙasa,
na bi gefensa da fari,
don tsufa tudu da kwari ne, sai da inuwa.

Na shafa gam a kumatu, na ja, na busar, na saki,
fatar ta tattare kamar busasshen inabi.
Furfura a gira. Ɗigo biyu a goshi.
Daga nan hannuna ya yi gaban kansa:
ya sauke gefen baki na hagu kaɗan,
ya ɗiga baƙi a ƙasan ido,
ya ratsa gira da siririn tabo
irin wanda ƙarfen birki ke bari.

Babu wannan a takardar darakta.

Na ja baya in duba, burushi ya suɓuce.
Otar ne. Babana.
Shekara tara da kai shi makwanci,
ga shi zaune a kujerar roba,
da takalmin kambas a ƙafa,
yana tambayata ko gemun zai yi ƙaiƙayi.

Na gyara masa kwala.
Na ce kada ya sosa.
Awa biyu ina tsaye a bayan labule,
ban ji kalma ɗaya ta wasan ba,
ina kallon yadda haske ke sauka a kan tabon nan.
Aka yi tafi. Aka ce yaron ya iya tsufa.

Da aka watse ya zo sharkaf da gumi,
gemu ya ɓalle ta gefe guda:
Anti Lamara, cire min, budurwata na jira a waje.
Na ɗiga mai a auduga,
na fara daga goshi.
Aikin minti biyar ya ci rabin awa.
Tabon girar na bari ƙarshe.

Yaro ya fito daga ƙarƙashi, jawur, yana hamma,
ya ruga bai ja ƙofa ba.
Audugar na naɗe a takarda,
na sa a aljihun kwat.
Ana yayyafi a kan gada.
Juma'a akwai wasa na biyu,
kuma ban sani ba ko hannun nan zai tuna,
ko in roƙe shi ya manta.