Ranar da Aka Jeme Majemi

Kulu ce ta biya, ba ni ba.
Ta ce, "Baba, kwana biyu kacal, can bayan Kware,
gidan baƙi ne a bakin tafki, ba asibiti ba."
Na ce, ni da ko zazzaɓi bai taɓa hana ni zuwa majema ba,
me zan nema gidan da ake sayar da hutu?
Ta sa ni a mota kamar buhun gero.

A ƙofa suka karɓe wayata, suka kulle ta a akwati,
suka miƙo tawul fari fat,
irin farin da nake jin nauyin taɓawa
da hannun da bagaruwa ta rina shekara arba'in da ɗaya.

Wani yaro, Labbo, ya kai ni ɗakin tururi.
Ganyen dogon yaro, ɓawon lemo,
da wani abu mai sanyi a hanci da ban san sunansa ba.
Na zauna. Gumi ya fara tsattsafowa ta ko'ina.
Sai na tuna randar toka
inda muke jiƙa fatar jar akuya har gashi ya saki,
na yi dariya ni kaɗai cikin farin hayaƙi:
to, Bawa, yau kai aka jiƙa.

Daga nan sai gado mai rami wajen fuska.
Labbo ya kwaɓa dilka, ya hau gurzar bayana.
Wannan a wajenmu kirci ne,
sai dai shi ba wuƙa, kuma yana tambaya ko da zafi.
Ni ban taɓa tambayar fata ba.

"Wanga baya naka, Baba, mi ka aza mai?"
Na ce, 'ya'ya bakwai, da bashin wani Ɗan-Ige
da ya tafi Agadas da kayana bai dawo ba.
Ya ce, "Ga shi nan kau, ƙarƙashin allon kafaɗa."
Ya danna da babban yatsa.
Wallahi sai da na kira sunan uwata.

Man kaɗanya mai ɗumi.
Duwatsu baƙaƙe, sumul, ya jera su a gadon bayana.
Wani wuri ruwa yana ɗiga cikin kasko,
ɗis,
ya jima,
ɗis.
Na so in ce masa ya riƙa bi da tsawon nama, kada ya gitta,
haka mahaifina ya koya mini da fata,
amma bakina ya riga ni barci.

Mahaifina.
Ya rasu bayansa lanƙwashe kamar lauje,
ban tuna ranar da wani cikinmu ya ɗora masa hannu ba.

Kiran la'asar daga wani ƙauye ne ya tashe ni.
Na yi ruku'u, gwiwa ba ta ce uffan ba,
har na tsargu.
A baranda suka kawo fura da nono a ƙoƙo.
Balbelu sun sauka bayan shanu,
wani mutum can yana ban ruwan albasa,
yana sunkuyawa, yana miƙewa, yana dafe ƙugu.
Na kalle shi har rana ta yi ja kamar karan dafi,
ni ba abin da nake yi,
kuma ba wanda ya mutu saboda haka.

Ranar tafiya Labbo ya kama hannuna ya juya.
Ya ce ya sa lemon tsami, ya sa sabulu kala uku,
rinin nan ya ƙi fita, in yi haƙuri.
Na ce bar shi, yaro, wannan ba dauɗa ba ce.

Kulu ta tambaye ni a mota, "Yaya?"
Na ce, ba laifi, yaron ya iya jima.
Na yi shiru har Dundaye,
sannan na tambaye ta nawa ne kwana uku.