Lemun Erlend

Wata uku ina zana teku a kwamfuta.
Na yanka mashigin nan gida-gida kamar dara,
kowane gida da lambarsa,
kowace lamba da saurin ruwanta.
Lissafi ya ce: nan za a kafa farfela,
ƙafa casa'in a ƙarƙashin kumfa,
inda teku ke matsewa tsakanin tsibirai biyu
tana gudu kamar wadda ake bi bashi.

Na kai wa Erlend Drever takardar,
shi da ya shekara arba'in yana fito a Orkney.
Ya dube ta a tsaye, ya dube ta a kwance,
ya ce, "Inga, ruwanki akwai ladabi.
Nawa bai san wannan ba."

Washegari sai ga shi da ledar lemu.
Muka fita a jirginsa mai warin mai da kifi,
sanyi yana cizon kunne.
Ya jefa goma sha biyu, ɗaya bayan ɗaya.
Tara suka bi kibiyar da na zana,
har na fara gyara tsayuwa.
Uku suka kai bayan baƙin dutse,
suka dakata kamar masu shawara,
suka juyo,
suna kewaya juna, suna komawa inda suka fito,
daidai wurin da na ɗiga jan biro.

"In teku ta cika da awa biyu," in ji shi,
"ruwan nan yakan tuna ya yi mantuwa a baya."

Ban ci abinci ba daren nan.
Na ƙara tsaga gidajen darata ƙanana-ƙanana,
na shigar da dutsen da na raina,
na bar inji yana nishi har asuba.
Can sai ga shi a allo:
wani ɗan juyi, shuɗi, kamar cibiya.
Dama yana nan. Ramin rariyata ne ya yi faɗi.

Na buga wa Thora ta ofishin hasashen yanayi.
Ta yi dariya, ta ce in leƙa taga:
gajimare yana wannan rawar a bayan tudu.
"Iska ma ruwa ce," ta ce, "jiƙa mutum ne kawai ba ta yi."

Muka gusa da farfela taku ɗari uku.
Yanzu wata ne ke jan teku,
teku ta tura ƙarfe,
ƙarfe ya aiko wuta ta igiya
har butar shayin Erlend.
Ya rantse shayin yana ɗan gishiri-gishiri.

Tara ɗin an tsince su a gaɓar arewa.
Ukun nan kuwa ba wanda ya sake ganinsu.
Duk ranar da lissafi ya zo mini sumul,
nakan tsaya a kanti in sayi lemu.